Wuƙa da Kubenta: Waiwaye a Kan Tarihin Kube Daga Birnin Yakubu Zuwa Ƙasar Jafan

1.0 Gabatarwa

Wata ranar Babbar Salla, bayan an sauko daga idi, mahauta biyu suka shigo gidanmu a cikin garin Bauchi domin su taya mu fiɗar dabbar layya. Ɗaya dattijo ne, ɗayan kuwa saurayi ne da yake koyon sana'ar a hannunsa. Dattijon ya zaro wuƙarsa daga wani kube na jar fata wanda tsufa da maiƙo suka mayar baƙi wuluk. Shi kuwa saurayin sai ya kwance wuƙaƙensa uku daga cikin takardar siminti da ya ɗaure da roba, tsinin ɗaya ma har ya huda takardar ya leƙo waje. Dattijon ya dube shi, ya girgiza kai, ya ce masa, "Kai yaro, wuƙar da ba ka yi wa ɗaki ba, wata rana a jikinka za ta kwana." Muka yi dariya, aka ci gaba da aiki, amma maganar ta zauna mini a zuciya.

Manufar wannan muƙala ita ce bin diddigin wannan ɗan ƙaramin abu da ake kira kube: daga ina ya samo muhimmancinsa a ƙasar Hausa, wane matsayi ya riƙe a masarautar Bauchi, su wane ne suke haɗa shi, kuma me ya sa yake neman ɓacewa. Za a kuma leƙa ƙasar Jafan, inda har yau ake sassaƙa wa wuƙar girki kube na itace, domin a ga ko akwai abin da za mu tsinta daga yadda suka riƙe nasu.

2.0 Kube da Danginsa

Kube shi ne mazubin da ake yi wa wuƙa ko takobi daidai da tsawonsa da faɗinsa, domin a rufe kaifinsa idan ba aiki ake yi da shi ba. Amfaninsa iri uku ne. Yana kare mai wuƙa da na kusa da shi daga yanka, yana kare kaifin daga dakushewa ko ɓarewa idan ya bugi wani abu mai tauri, sannan yana kare ruwan wuƙar daga raɓa da danshi masu jawo tsatsa.

Bahaushe bai bar wani abu mai kaifi ko tsini a fili ba. Kibiya tana da kwari, askar wanzami tana da zabira, takobi yana da kube da kuma hamilar da ake rataya shi da ita a kafaɗa. Hatta littafi, wanda kaifinsa na ilimi ne, an yi masa gafaka. Dukkan waɗannan aikin baduku ne, ko kuma baduku yana da hannu a cikinsu. Ke nan tarihin kube ba ya rabuwa da tarihin sana'o'i uku: ƙira da jima da dukanci.

3.0 Ƙarfe da Takobi a Ƙasar Hausa

Sarrafa ƙarfe tsohon abu ne a wannan yanki namu. Masu binciken kufai sun tono matoyar tama a Taruga, a yankin al'adar Nok, wadda shekarunta suka kai kimanin 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gindin Dutsen Dala na Kano ma an sami shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Tarihin baka ya tafi a kan wannan turba, domin labarin Bayajida ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. A Katsina kuwa, takobin nan da ake kira Gajere yana cikin manyan kayan sarauta, ana kuma danganta shi da Muhammadu Korau. Masanin nan A.D.H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan makamai na fadodin Arewa a wani littafi da aka buga a 1964.

Yawan sunayen takobi a Hausa shi kansa shaida ne a kan matsayinsa: akwai kansakali, akwai bisalami mai lanƙwasa, akwai tamogashi, da sauransu. Wasu maƙeran gida ne suke ƙera su da tama, wasu kuwa daga ƙetare suke zuwa ta hamada. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a kowace shekara, mafi yawansu daga garin Solingen na Jamus, kuma a Kano ake haɗa su, sannan a sake fitar da da yawa daga cikinsu zuwa wasu ƙasashe. Idan aka raba wannan adadi a kan kwanakin shekara, za a ga cewa ya kama kusan takobi 137 a kowace rana, kowanne yana jiran mariƙi da kube. Ko da an rage wani abu daga ƙiyasin Barth, abin da ya saura ya isa ya nuna cewa ɗinkin kube babbar sana'a ce mai ci da gidaje masu yawa. Baturen Solingen ya ƙera ƙarfe, amma sai da ƙarfen ya bi ta hannun maƙeri da baduku kafin ya zama takobin da barde zai rataya.

Fatar da ake wannan aiki da ita kuwa ba ta da na biyu. Jemammiyar fatar jan akuya ta ƙasar Sakkwato da Kano ita ce fatake suke ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko.

4.0 Kube a Masarautar Bauchi

Malam Yakubu, Bageri, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓi tutar jihadi wajen 1805. Bayan zamansa a Inkil, ya kafa birnin Bauchi a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi tara, daga cikinsu akwai Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Jahun da Ƙofar Dumi da Ƙofar Inkil. Ya yi mulki har zuwa rasuwarsa a 1845, kuma kusan dukkan waɗannan shekaru a kan sirdi ya yi su. A 1827 shi ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno wadda ta doso Kano, ya mayar da ita baya. Ɗansa Ibrahim, wanda ya yi sarauta daga 1845 zuwa 1877, ya gāji yaƙi da Ningawa, yaƙin da ya ɗauki shekaru da dama bai kwanta ba.

Masarautar da ta tashi a cikin irin wannan hali dole ta buƙaci maƙera da majema da dukawa kamar yadda take buƙatar barade. Doki ɗaya na yaƙi yana bukatar sirdi da linzami da ragama da likkafa, mahayinsa yana bukatar takobi da kube da hamila, dakaru kuma suna bukatar kwari da garkuwa. Duk wanda ya san yadda sababbin biranen Daular Usmaniyya suka bunƙasa ya san cewa sarakuna sukan jawo masu sana'a daga tsofaffin birane, a ba su unguwa, a naɗa musu shugaba kamar Sarkin Maƙera ko Sarkin Fawa, su kuma su riƙa yi wa fada aiki idan an tashi yaƙi. Sunan unguwar Karofi a cikin garin Bauchi, alal misali, yana tuna mana cewa marina ce ta haifi wurin. Daɗin daɗawa, Bauchi tana kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da ƙasashen Binuwai da Adamawa, ga kuma duwatsunta masu arzikin tama, ga kuzar da ake narkawa a Ririwan Dalma. Matafiya Jamusawa biyu, Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, sun iso birnin, kuma da sunan wanda ya kafa shi suka san shi, wato Yakoba.

A wancan zamani kube yakan faɗi matsayin mai shi tun kafin a ga ƙarfen da ke ciki. Na basarake yakan sha ado da jar fata da kore, a ɗaure bakinsa da gindinsa da tagulla ko farin ƙarfe, hamilarsa ta alharini mai tuntaye. Na talaka kuwa fata ce zalla da ɗinki mai ƙarfi. A zaman fada, takobi a cikin kube alama ce ta biyayya da aminci. Zare shi a gaban sarki ba tare da dalili ba babban laifi ne.

5.0 Yadda Ake Haɗa Kube

Aikin yana farawa daga majemi. Shi ne yake jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa har ta jemu. Daga nan sai rini: karan dafi yana ba da ja, kuloko yana ba da baƙi. Baduku yakan ɗora wuƙar a kan abin da zai yi ciki da shi, ya zana siffarta. Sau da yawa cikin kuben ɓari biyu ne na itace mai taushi marar nauyi da aka feƙe sirara, ko kuma busasshen ƙirgi mai tauri. Sai a haɗa ɓarin biyu, a lulluɓe su da fata tana da ɗan danshi, a ɗinke ta baya da basilla, domin idan ta bushe ta tsuke ta kama itacen gam. A ƙarshe a zana ado, maƙerin fari kuma ya sa wa baki da gindi ƙarfe idan mai shi yana da hali.

A nan akwai wata hikima da ta cancanci a tsaya a kanta. Kuloko da baduku yake baƙanta fata da shi daga kashin maƙera ake haɗa shi, wato ruwa ne mai ɗauke da ƙarfe. Da zarar ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta koma baƙa, domin sinadarin jima da ke cikin bagaruwa yana kama ƙarfe. To, abin da yake faruwa a kwanon rini shi ne zai faru a cikin kube idan ruwan wuƙa ya daɗe yana gugar jemammiyar fata mai danshi: fatar za ta yi baƙi, ƙarfen kuma ya fara ci. Sanya itace a tsakani yana raba ƙarfe da fata. Ita kuma fatar tana ɗaure itacen don kada hunturu ya tsaga shi. Baduku bai shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma ya san damina ya san rani, ya kuma yi wa kowanne tanadi.

6.0 Kube a Ƙasar Jafan

Jafanawa suna kiran kube da sunan saya. Ƙasarsu tsibirai ce mai yawan ruwa da danshi, saboda haka tsatsa ita ce babbar abokiyar gabar ƙarfensu. Wannan ne ya sa suka dogara ga itace, musamman wani da suke kira honoki, mai taushi, marar yawan ƙaro, wanda ba ya dakusar da kaifi. Akan tsaga itacen biyu, a fafe cikin kowane ɓari daidai da siffar ƙarfen, a manne su. Ga takobin da za a adana na tsawon lokaci, akwai wani farin kube marar fenti da ake kira shirasaya, wanda ake mannewa da dafaffiyar shinkafa da aka kirɓa, domin a iya ɓare shi a share cikinsa idan ya yi datti, a sake mannewa. Masu wannan aiki sana'arsu daban take da ta maƙera.

Tarihinsu ya yi kama da namu ta wata fuska. Turawan Fotugal sun iso Jafan da bindiga a 1543, taba kuma ta biyo baya. Maƙeran birnin Sakai, kusa da Osaka, suka shahara da ƙera wuƙar yanka ganyen taba, har gwamnatin Tokugawa ta ba su hatimi na musamman da yake shaida ingancin kayansu. A 1876 gwamnatin Meiji ta kafa dokar da ta hana yawo da takobi, in ban da sojoji da 'yan sanda da masu kayan fada. Wannan doka ta kashe kasuwar takobi, sai maƙera da yawa suka juya ga ƙera wuƙaƙen girki da kayan aikin gona da na sassaƙa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma an hana ƙera takobi baki ɗaya daga 1945 har zuwa 1953.

Abin lura shi ne, da ƙwarewar ƙira ta koma madafa, kube ma ya bi ta. Wuƙaƙen girkinsu na gargajiya, irin su yanagiba ta yanka ɗanyen kifi da deba ta fiɗar kifi da usuba ta yanka ganyaye, gefe ɗaya ake wasa su, ƙarfensu kuma yana da tauri ainun. Ƙarfe mai tauri yakan daɗe da kaifi, amma yana saurin ɓarewa idan ya bugi wani ƙarfen. Don haka kuku ba ya jefa irin wannan wuƙa cikin tarkacen cokula. Yakan wanke ta, ya goge ta ta bushe sarai, wani lokaci ya shafa mata ɗan mai, ya zura ta a kubenta na honoki, ya soka wani ɗan turke a hudar da aka yi a bayan dugadugin wuƙar don kada ta zame. A Sakai har yau aikin a rabe yake, mai ƙira daban, mai washi daban, mai sa mariƙi daban, kamar dai yadda maƙeri da majemi da baduku suke a wurinmu. Hukuma ma ta sa hannu: an kafa dokar bunƙasa sana'o'in gargajiya a 1974, kuma a 1982 aka sanya wuƙaƙen Sakai a cikin jerin sana'o'in da dokar ta amince da su.

7.0 Dalilan Ja da Bayan Kube a Wurinmu

A watan Fabrairu na 1902 sojojin Ingila suka shiga Bauchi, aka sauke Sarki Umaru. A watan Yuli na 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Daga nan takobi ya tashi daga makamin yaƙi ya koma kayan ado na hawan salla. Wannan shi ne kwatankwacin abin da ya sami Jafanawa a 1876, sai dai mu sakamakon ya bambanta.

Dalili na farko shi ne ƙarfe ya yi araha. Narka tama ya mutu a hankali bayan da ƙarfen Turawa da tarkacen jirgin ƙasa da na mota suka wadata. Philip Jaggar ya nuna yadda maƙeran birnin Kano suka rungumi irin wannan sauyi a littafinsa na 1994. Maƙerin yau yakan ƙera wuƙa mai kyau da sifirin tsohuwar mota. Bayan haka sai ga wuƙaƙen kanti masu ƙyalli waɗanda ba sa tsatsa, farashinsu bai kai kuɗin ɗinkin kube ba. Abin da aka saya da arha ba a yi masa ɗaki. In ya dakushe a jefar, a sayi wani.

Na biyu, fata ta sami wata kasuwa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma iso Bauchi a 1961, fatu da ƙiraga suka zama kayan fitarwa, manyan masana'antun jima kuma suka riƙa kwashe masu kyau. Baduku ya koma neman abin da zai fi saurin fita, kamar takalma da jakunkuna da layu da kayan doki.

Na uku, ba a sami wanda ya ɗauko kube daga fagen fama ya shigar da shi madafa da mahauta a matsayin abin alfahari ba. Uwargida tana soke wuƙarta a jikin zana ko ta jefa ta cikin kwando, mai tsire yana naɗe tasa a tsumma. Inda kube ya rage da ransa a yau shi ne wurin dogarai da mahaya a hawan salla, da mafarauta, da Fulani makiyaya, da 'yan tsirarun dattawan mahauta irin wanda na ambata a farko.

8.0 Kube a Harshe da Addini

Ko da kube ya ɓace daga kasuwa, bai ɓace daga baki ba. Idan ana sulhu tsakanin masu husuma, akan roƙe su da su mayar da wuƙa kube. Idan ɓangarori biyu suna shirin karawa, akan ce suna wasa wuƙa. Wanda iko ya tattaru a hannunsa, shi ne mai wuƙa da nama. Abin sha'awa, Jafanawa ma suna da irin wannan salon magana. Idan ma'aurata suka rabu sannan suka shirya, sukan ce takobi ya koma kubensa na asali. Idan jinin mutum biyu bai haɗu ba, sukan ce lanƙwasar takobi ba ta dace da ta kube ba. Al'ummu biyu da ba su san juna ba sun dubi abu ɗaya, sun ga zaman lafiya a cikinsa.

Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan fahimta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a miƙa wa juna takobi a zare. Buhari da Muslim sun ruwaito umarninsa ga wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. A ɗaya ɓangaren kuma, hadisin Shaddadu ɗan Ausu, na 17 a cikin Arba'una Hadis, ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Wato ana son wuƙa ta yi kaifi matuƙa a lokacin aiki, ana kuma son a rufe kaifin da zarar an gama. Kube shi ne ya haɗa waɗannan umarni biyu.

Duk mazaunin Bauchi ya san abin da ake nufi da 'yan sara-suka, kamar yadda Bakano ya san 'yan daba, mutumin Gombe ya san 'yan kalare. Wuƙar da take hannun irin waɗannan yara a soke take a ƙugu ko a cikin safa, babu kube, babu kuma wani babba da ya miƙa musu ita tare da sharaɗi. A da, wuƙa takan zo hannun yaro ta hanyar uba ko maigidan sana'a, da kubenta, da kuma ladabin riƙe ta. Ba ina cewa ɗinka kube zai magance rashin aikin yi da shaye-shaye da siyasar banga da suka haifi wannan annoba ba. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da muka daina koya wa yaro inda wuƙa take kwana, mun daina koya masa wani yanki na kamun kai.

9.0 Naɗewa

An ga yadda kube ya kasance ginshiƙin wata babbar sana'a a ƙarni na 19, yadda masarautar Bauchi ta dogara ga masu haɗa shi tun daga zamanin Malam Yakubu, da yadda zuwan Turawa da arhar ƙarfe suka raunana shi. An kuma ga yadda Jafanawa suka fuskanci irin wannan sauyi, suka mayar da gwanintar fagen fama ta zama ta madafa, har duniya take sayen wuƙarsu da kubenta da tsada.

Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa. Dattawan dukawa da maƙeran da suka san sunan kowane sashe na kube, da irin itacen da ake feƙewa, da sunayen zane-zanen da ake yi masa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da yake neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar littafi da na'urar naɗar magana ya nufi rumfunan dukawa a kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa, ya tattara waɗannan kalmomi kafin su bi masu su. Ƙungiyoyin mahauta da masu tsire kuma za su iya mayar da kube sharaɗi ga duk mai ɗaukar wuƙa zuwa wurin aiki, wanda hakan zai tsare lafiyar jama'a, ya kuma buɗe wa baduku kasuwa.

Shi kuwa saurayin nan mahauci, da Babbar Salla ta zagayo ya dawo gidanmu shi kaɗai, domin maigidan nasa ya riga mu gidan gaskiya. Wuƙaƙensa biyu suna cikin takardar siminti kamar yadda ya saba. Ta ukun kuwa daga cikin tsohon kuben nan mai baƙi ya zaro ta, da ya gama fiɗa ya wanke ta, ya goge ta da gefen rigarsa, ya mayar da ita.